BAURIN BAGARUWA DA DANƘON DA BA YA NARKEWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Yusufari

Duk wanda ya tashi a ƙasar Bade ko ta Mangawa, ko da ya shekara ashirin a Agege ko Sabon Badun bai leƙo gida ba, ba sai an kwatanta masa bagaruwa ba. Ya san dogayen ƙayoyinta farare, ya san furenta rawaya mai kama da tuntu, ya kuma san yadda 'ya'yanta kan ɗaure wa yaro baki in ya yi karambanin taunawa. To, jama'a, wannan baurin na ke so mu yi zancensa yau, domin abin da ke kawo shi ɗan gida ɗaya ne da abin da a ke yin baƙin mariƙin tukunya, da gam ɗin da ke riƙe katakon filawud, da takalmin birkin motar da za ta kawo ku gida da Salla. Masana a wasu ƙasashe sun daɗe suna neman itatuwa masu irin wannan bauri, har sun ƙera na'urar da ke leƙa cikin daskararren danƙo ta faɗi yadda ya ƙullu. Mu kuwa a nan da mudu mu ke sayarwa, in ma ba a sare bishiyar an yi gawayi da ita ba.

Daga Nguru zuwa Gashuwa, a fadamun da kogin Haɗeja da na Jama'are ke shayarwa kafin su zama Komadugu Yobe, bagaruwa na son ƙasar laka wadda ruwa kan kwanta a kanta da damina. In ka nausa arewa zuwa nan Yusufari, inda tuddan rairayi suka fara, sai ka riƙa ganinta jefi-jefi a kwari da bakin tafki. Da rani 'ya'yan kan bushe, mata da yara su tara, a kai kasuwa. Kada mai karatu ya haɗa ta da dakwara, wadda ke ba da ƙaron da jirgin ƙasa ya riƙa ɗauka tare da gyaɗa da fatu tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930. Ƙaro dangin sukari ne, ruwa na narkar da shi, shi ya sa malamai ke sa shi a tawada. Yana ma da tashar bincike tasa a Gashuwa, ƙarƙashin Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya. Abin da ke cikin bagaruwa dabam ne, sunansa tanin.

Majema su ne suka fara sanin aikinsa. Bayan an jiƙa fata a ruwan toka an kankare gashin, an kuma tausasa ta, sai a daka 'ya'yan bagaruwa a zuba a ruwa a tsoma fatar. Tanin kan shiga tsakanin zaruruwan fatar ya kama su ya ɗaure, daga nan ba ta ruɓewa kuma. Abin da ya yi wa fata shi ya ke yi wa harshen yaro, bambancin kawai yawa ne. Da irin wannan jima aka yi fatar jar akuyar Sakkwato wadda ta ratsa Sahara ta isa Turai, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can ta biyo. Idan aka cire ƙwayar, kwasfar bagaruwa mai kyau kan ba da tanin wajen kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinta.

Akwai wani abu da dukawa suka sani wanda ya kamata mu riƙe, domin zai yi mana amfani a gaba. Idan ruwan tsatsar ƙarfe ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take wurin ya yi baƙi, da haka su ke yin baƙin zane a kan jaka da kube. Ɗan makaranta a ɗakin gwaje-gwaje ma haka ya ke yi, ya ɗiga ruwan gishirin ƙarfe a kan abin da ya ke tuhuma, in launi ya juya, ya san akwai dangin wani sinadari da a ke kira fenol. Ashe tanin tarin fenol ne da itace ya ƙulla da kansa.

BAƘIN DANƘON BAEKELAND

Shi fenol ba baƙo ba ne a gare mu, shi ne mai warin nan na jan sabulun kabolik na asibiti. Da can daga kwaltar kwal a ke tace shi, yanzu kuwa daga man fetur. A 1872 wani Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya lura cewa idan aka haɗa fenol da sinadarai dangin fomaldehaid, watau uban ruwan fomalin da a ke adana gawa da shi, sai a sami wani ƙazamin danƙo da ke manne wa kwalba ya ƙi fita. Masanan zamanin suka ɗauke shi ɓarna. Sai a 1907 Leo Baekeland, mutumin Beljiyam da ya koma Amurka, ya gano yadda za a dafa haɗin cikin tukunya mai matsi ya fito sumul ba kumfa. Ya sa masa suna Bakelite, ya bayyana shi ga duniya a 1909. Shi ne danƙo na farko da ɗan Adam ya haɗa tun daga tushe ba tare da ya tatso daga itace ko dabba ba. Baƙin tarhon nan mai nauyi na ofisoshin En'e, da makunnin lantarki na da, da akwatin tsohuwar rediyo, duk shi ne.

Ga yadda abin ya ke. Ka ɗauka kowace ƙwayar fenol tana da hannu uku. Fomaldehaid kuwa gajeriyar igiya ce mai baki biyu, ta kama hannun wannan ta kama na wancan. Idan zafi ya yi aiki, kowa ya kama na kusa da shi gaba da baya, sama da ƙasa, har abin ya zama kamar komar masunta da ta cukurkuɗe ta ko'ina, ba farko ba ƙarshe. Bokitin roba da leda ba haka su ke ba, su dogayen zaruruwa ne kwance kusa da juna, shi ya sa wuta na taɓa su sai su zube. Mariƙin tukunya kuwa sai dai ya ƙone ya yi gawayi, amma ba ya narkewa, kuma ba ruwan da ke jiƙa shi. Filawud da aka manna da irin wannan gam, a kan gwada shi ta hanyar tafasa shi awa 72 a ruwa, bai kamata ya ɓanɓare ba. 'Yan'uwanmu da suka yi aiki a Safele, a babban kamfanin katako da filawud na UAC da ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun san jan layin nan mai duhu da ke tsakanin fallayen katako.

To, a nan wahalar ta ke. Ƙarfin da ya sa a ke son danƙon shi ne ya hana a san cikinsa. Al'adar masanin sinadarai, in yana son sanin abu, sai ya narkar da shi a kwalba ya auna. Wanda ya ƙi narkewa fa? Shekaru wajen saba'in masana'antu suna dafa wannan danƙo kamar yadda tsohuwa ke dafa daddawa, da gwaji da sabo, sun san in an yi kaza a kan sami kaza, amma idan ya daskare ba mai iya nuna maka kai tsaye igiya nawa ta ƙullu, nawa ta saura tana reto.

NA'URAR DA KE SAURARON KABON

Mai sayen tulu a kasuwa ba ya fasa shi don ya ga ko ya gasu, ƙwanƙwasawa ya ke yi ya saurara. Na'urar da a ke kira NMR haka ta ke aiki. A 1946 aka buga labarin gano tushenta, aikin Felix Bloch da Edward Purcell a Amurka, kowa da nasa rukunin, suka kuma sami kyautar Nobel a 1952. Idan aka sa abu cikin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi aka buga masa zangon rediyo, cibiyar wasu ƙwayoyin zarra kan amsa, kuma muryar kowace ta dogara ga maƙwabtan da ke kewaye da ita. Na'urar hoton asibiti da a ke kira MRI, wadda a ke tura majiyyaci cikinta, 'yar'uwarta ce.

Ƙashin bayan danƙon fenol kabon ne, watau sinadarin gawayi. Sai dai ba kowane kabon ke amsawa ba, wani iri ne mai lamba 13, shi kuwa kusan ɗaya ne tak cikin ɗari. Muryar ke nan ba ta da ƙarfi. Wannan matsala ɗaya. Ta biyu ta fi tsanani. A cikin ruwa ƙwayoyi na juyawa ba tsayawa, saboda haka muryoyin kan fito tar, kowace dabam. A daskararren abu kowace ƙwaya ta kafe ta fuskanci inda ta fuskanta, sai muryoyin su cakuɗe su zama guguwar surutu kamar ka tsaya nesa da kasuwar Nguru da azahar.

Dabarar da ta warware wannan ta ba ni sha'awa ƙwarai. Tun da ƙwayoyin ba za su juya da kansu ba, sai a juya abin gaba ɗayansa. A kan niƙa danƙon ya zama gari, a ɗura a ɗan bututu da bai kai kaurin fensir ba, iska ta riƙa murza shi kamar mazari, sau dubbai a daƙiƙa guda. Amma ba a tsaye ba, ba kuma a kwance ba, sai an karkata shi daidai digiri 54.7 daga inda maganaɗisun ya fuskanta. Raymond Andrew a Birtaniya a 1958, da Irving Lowe a Amurka a 1959, su suka nuna haka, aka kuma laƙaba wa karkatar suna kusurwar dabo. Ba dabo a ciki, lissafi ne. Ka sami ɗakin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya ne, ka ja igiya daga lungun ƙasa zuwa lungun sama na can ɗaya gefen, karkatar igiyar nan daga tsayuwar bango ita ce. Abin da ke juyawa a kan wannan layi ya raba fuskarsa daidai wa daida ga dukkan ɓangarori uku, sai surutun ya kashe kansa. Game da ƙarancin murya kuwa, a farkon shekarun 1970 aka gano yadda kabon zai ari ƙarfi daga haidurojin da ke maƙwabtaka da shi. A 1976 Jacob Schaefer da Edward Stejskal na kamfanin Monsanto suka haɗa dabarun wuri guda, a 1980 kuma Colin Fyfe da abokan aikinsa a Kanada suka gwada su a kan busasshen danƙon fenol.

Abin da na'urar ke fitarwa zane ne mai tuddai a kan layi mai lambobi, wanda ya iya kuwa karanta shi ya ke yi kamar wasiƙa. Tudun da ke wajen lamba 150, kabon ne mai riƙe da oksijin, shaidar fenol ke nan. Tuddan da ke tsakanin 30 da 40 su ne igiyoyin da suka ƙullu sosai, har ma wurin tsayuwarsu na nuna wane hannu ne ya kama wane. Wanda ke sama kaɗan da 60, igiya ce da ta kama gefe ɗaya ɗayan bakin na reto, alamar dahuwa ba ta kai ba. Na wajen 70 kuwa ƙulli ne na wucin gadi mai oksijin a tsakiya, wanda in zafi ya ƙaru ya kan kwance ya saki fomaldehaid. Wannan ba ƙaramin zance ba ne ga kafinta da mai kwana a ɗakin da aka yi wa silin da katakon masana'anta, domin a 2004 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldehaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. A yi adalci dai, gam ɗin fenol da ya dahu ya fi na yuriya, wanda ya fi araha, riƙe nasa.

Akwai wata na'urar mai sauƙin kuɗi da ke haska abu da hasken infared, irin ɗumin da ke fita daga garwashi ido ba ya gani, ta nuna irin ƙulle-ƙullen da ke ciki. Jami'o'inmu da dama suna da ita. Tana taimakawa, amma ba ta rarrabe dalla-dalla kamar waccan. Ita kuwa waccan tsada gare ta, domin maganaɗisunta sai an riƙa sanyaya shi da ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri.

INDA ITACE YA SHIGO

Me ya sa a ke sauya danƙon da ya riga ya yi suna? Kuɗi da hali. Tsantsarsa yana da gautsi, yana tsagewa, fenol kuma farashinsa na bin na man fetur. 'Yan'uwa da ke Ogbomosho da ƙasar Kogi sun san man ɓawon yazawa mai ƙona hannu. Shi ma dangin fenol ne, amma mai doguwar jela, idan aka gauraya shi a danƙon sai ya rage masa gautsi, shi ya sa a ke sa shi a takalmin birki. Mafi yawan yazawarmu da ɓawonta a ke loda ta zuwa Biyetnam da Indiya, man ya tafi kyauta.

Na tanin ya fi kusa da mu. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, Afirka ta Kudu, wadda ba ta da rijiyoyin mai, ta waiwayi wata bishiya 'yar'uwar bagaruwa da aka kawo daga Ostareliya aka shuka a lardin Natal tun ƙarni na 19. Ɓawonta a ke dafawa a fitar da garin da majemun zamani ke kira mimosa. Mutanen Ostareliya sun fara gwada yin gam da shi tun wajen 1950, amma a shekarun 1970 Afirka ta Kudu ta mai da shi sana'ar masana'anta, ana manna filawud da allon garin katako da shi. Babban jigon aikin shi ne Antonio Pizzi, wanda daga baya ya koma Faransa, ya kuma yi amfani da na'urar sauraron kabon ƙwarai wajen gane yadda tanin iri-iri ke ƙulluwa. Abin da aka gani, tanin ɗin mimosa ya fi fenol kansa saurin cafke fomaldehaid, saboda haka kaɗan ya ke bukata, kaɗan kuma ya ke saki.

Sai dai ba kowane tanin ne ke da wannan hali ba, nan ne kuma zancen ya dawo gida. Gida biyu ne. Akwai mai ƙullin da ba ya kwancewa a ruwa, irin na mimosa, mai hannuwa a buɗe. Akwai kuma wanda aka gina a kan ƙwayar sukari, wanda hannuwansa kusan duk a cike su ke, yana da kyau ga jima amma yana da nawa wajen yin gam. Gwajin dukawa ma na ɗan nuna bambancin, domin da ruwan ƙarfe na farko kan yi baƙi mai ratsin kore, na biyu baƙi mai ratsin shuɗi. 'Ya'yan bagaruwa gauraye su ke, akwai wannan akwai wancan, ga kuma sukari da danƙon itace da kan biyo ruwan jiƙon su raunana gam, su sa ya sha ruwa. Yawan kowanne na sauyawa da irin bishiyar, da ƙasar da ta tsiro, da lokacin da aka tsinke, ɓawon jiki kuma dabam da 'ya'ya. A Sudan, inda su ke kiran 'ya'yan garad, masana sun gwada yin gam ɗin katako da tanin ɗinta. Amma awon da aka yi wa bishiyar bakin Nilu ba zai tsaya a madadin ta fadamar Gashuwa ba, balle ta kwarin Yusufari.

A ganina wannan aiki ne da ya dace da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tare da cibiyar binciken fata da ke Samaru da ta sinadarai da ke Basawa, dukansu a Zariya. Ba lalle sai sun sayi babbar na'urar ba. Garin da a ke ɗurawa a bututun bai kai cikin ƙaramin cokali ba, ana iya aika shi a ambulan zuwa duk inda na'urar ta ke. Abin da ke wuyanmu shi ne tattara samfuri da tsari, da dafa haɗin, a maye gurbin kashi kaza na fenol da tanin, a ga inda ƙullin ya fara raunana.

Ba na so wani ya karanta wannan ya bar sana'arsa a Ikko ya taho sayen bagaruwa. Masana'antar filawud ta ƙasar nan ta ja baya ƙwarai, yawancin wanda ke kasuwa daga waje ya ke zuwa, manyan majemun Kano na Challawa da Sharaɗa kuma sun fi dogara ga gishirin kurom. Mai saye na masana'anta ba ya ciniki da bauri, takardar awo ya ke tambaya, mu kuwa ba da ita mu ke zuwa kasuwa ba. Amma awon na iya ɗaukar shekara biyu ko uku, bishiyar da aka sare kuwa sai ta fi haka kafin wata ta maye gurbinta ta fara 'ya'ya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke rayar da fadamun nan ta sauya, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a wasu wurare, wasu kuma suka bushe, ga masu itacen girki da gawayi, ga rairayi na matsowa daga arewa. Da yawa daga cikinku kuna da gona ko gādo a nan, ku a ke tambaya ta waya kafin a sayar da itacen da ke ciki.

Wanda ke da ɗa ko ƙane mai karatun sinadarai, ya ke kuma neman abin da zai yi bincike a kai, samfurin na bayan gidansu. A tsinki 'ya'yan da suka nuna a kan bishiya, ba waɗanda suka kwana a ƙasa ba, a shanya a inuwa, a fasa a ware ƙwayar, a daka a turmin itace. Kada ƙarfe ya taɓa garin, domin zai baƙanta shi ya ɓata awon. A ƙulle kowane a ledarsa dabam, a rubuta sunan garin da watan da aka tsinka, da ko bishiyar a fadama ta ke ko a tudu.